Tarihin Fim ɗin "The Sting" na 1973 da Dalilan Ɗorewar Farin Jininsa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta waiwayi tarihin wani fim na ƙasar Amurka mai suna "The Sting", wanda kamfanin Universal ya fara nunawa ran 25 ga Disamba, 1973. Labari ne na wasu 'yan damfara biyu da suka haɗa kai suka yashe wani ƙasurgumin mai gidajen caca dala 500,000. George Roy Hill ne ya ba da umarni, David S. Ward ya rubuta labarin, manyan 'yan wasan kuwa su ne Paul Newman da Robert Redford da Robert Shaw. Ma'anar sunan ita ce harbi irin na kunama, amma a zaurancen 'yan damfarar Amurka ana nufin lokacin da aka raba mutum da kuɗinsa.

Fiye da shekara hamsin ke nan da fitowar fim ɗin. Shaw ya mutu cikin 1978, Hill cikin 2002, Newman cikin 2008, Redford kuma cikin 2025, amma har yanzu ana kallonsa, ana kuma kwaikwayon tsarinsa. Tambayar da muke son amsawa ita ce: yaya aka yi mutanen kirki, waɗanda ba za su yarda ɗan damfara ya tako ƙofar gidansu ba, suke zama har sa'a biyu suna yi wa 'yan damfara fatan nasara? Ra'ayinmu shi ne masu fim ɗin sun ɗauki dabarun sana'ar da suke ba da labarinta, suka yi aiki da su a kan mai kallo kansa. Domin mu tabbatar da haka, za mu fara da tarihin sana'ar, sa'an nan labarin, sa'an nan zamanin da fim ɗin ya fito, mu ƙare da abin da ya ɓoye mana.

2.0 Asalin Sana'ar Babbar Damfara

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan sana'a ya fito ne daga binciken David W. Maurer, masanin ilmin harshe a Jami'ar Louisville da ke Jihar Kentucky. Nazarin zaurancen ɓarayi ne ya kai shi ga hira da tsofaffin 'yan damfara, har ya wallafa littafinsa mai suna "The Big Con" cikin 1940. Ya raba sana'ar gida biyu. Akwai ƙaramar damfara, wadda ake karɓe abin da ke aljihun mutum nan take, irin ta 'yan wala-wala. Akwai kuma babba, wadda ake shafe kwanaki ana shirya ta, har mutum ya tafi gida da ƙafarsa ya kwaso dukiyarsa ya kawo.

Jigon babbar damfara shi ne abin da suke kira babban shago. Watau a kama hayar ɗaki, a ƙawata shi ya zama tamkar gidan cacar sukuwa ko ofishin cinikin hannun jari, a zuba masa ma'aikata da masu ciniki da tarin kuɗi a kan tebur. Duk wanda ke cikin ɗakin nan ɗan wasa ne, in ban da mutum guda, shi ne wanda za a yasa. Aiki kuwa a rabe yake. Akwai mai jawowa, wanda ke yawo a jiragen ƙasa da manyan otal yana farautar mai kuɗi, ya ƙulla abota da shi. Akwai na ciki, wanda ke bayyana masa asirin da za a ci riba da shi. Akan bar mutum ya ci ƙaramar riba da farko don ya saki jiki. Bayan an karɓe babban kuɗin sai a san yadda za a sallame shi ba tare da ya kai ƙara ba, wani lokaci ta hanyar shirya faɗan ƙarya da harbin bindiga, wani ya fasa ƙunshin jini a bakinsa ya faɗi kamar ya mutu. Mutumin da ya ga yana neman shiga shari'ar kisan kai, ba ya tsayawa tambayar kuɗinsa.

Mafi tsufa daga cikin dabarun babban shago ita ce dabarar waya. A ƙarshen ƙarni na 19, sakamakon sukuwar dawaki yana isa gidajen caca na birane ne ta wayar tangaraho. Sai a gaya wa mutum cewa akwai wani ma'aikacin kamfanin Western Union da zai riƙe sakamakon na 'yan mintoci, ya tsegunta sunan dokin da ya ci, a ruga a zuba kuɗi a kansa kafin labari ya iso gidan caca. A nan ya kamata mu lura da abu guda, domin shi ne ƙashin bayan sana'ar: ba a taɓa gayyatar mutum zuwa ga cinikin halal. Kullum ana gayyatarsa ne ya zo a cuci wani. Saboda haka in ta waɓe, bakinsa a rufe yake. Daga cikin waɗanda suka yi fice da wannan dabara a birnin Niyok a farkon ƙarni na 20 akwai 'yan'uwa biyu, Fred da Charley Gondorf, waɗanda ƙarshensu ya zama gidan kurkuku. Sunansu aka ara aka laƙaba wa gwarzon fim ɗin. Kamannin da ke tsakanin fim da littafin sun yi yawa har Maurer ya kai ƙara kotu, daga baya aka sasanta a waje.

3.0 Labarin a Taƙaice

Labarin ya fara ne cikin Satumba 1936 a garin Joliet na Jihar Illinois. Wani saurayi, Johnny Hooker, da tsohon maigidansa Luther Coleman, baƙar fata, suka yi wa wani mutum ƙaramar damfara a kan titi, suka tarar da dala 11,000 a hannunsu. Ashe mutumin ɗan aike ne na Doyle Lonnegan, mai gidajen caca wanda ba ya yafe ko anini. Lonnegan ya sa aka kashe Luther. Hooker ya tsere zuwa Shikago wurin Henry Gondorff, gwanin babbar damfara wanda ya ɓuya yana fama da giya. Da yake su ba masu kisa ba ne, sai suka yanke shawarar ɗaukar fansa da abin da suka iya.

Matakin farko shi ne su fusata shi. A cikin jirgin ƙasa daga Niyok zuwa Shikago, Gondorff ya shiga cacar karta da Lonnegan yana kwaikwayon bugagge mai baƙar magana. Lonnegan ya sa an shirya katin don ya ci, shi kuwa Gondorff ya musanya nasa da waɗanda suka fi, ya cinye shi dala 15,000. Lonnegan ba shi da bakin cewa an yi maguɗi, domin faɗin haka tona asirin kansa ne. Gaba da gabanta. Daga nan Hooker ya zo masa a matsayin yaron Gondorff mai neman cin amanar maigidansa, ya kawo masa labarin ma'aikacin tangaraho. Aka bar shi ya ci sau ɗaya. A karo na biyu aka shirya layi ya hana shi zuba kuɗi sai da aka rufe taga, doki kuwa ya ci a kan idonsa, kwaɗayinsa ya ƙaru. A karo na uku ya kawo dala 500,000 ya zuba a kan doki mai suna Lucky Dan. Sai aka ce masa ai bai fahimci saƙon ba, domin kalmar Ingilishin da aka faɗa masa a waya tana da ma'ana biyu, zuba kuɗi da kuma zuwa na biyu a tsere. Yana cikin ihun a mayar masa da kuɗinsa sai ga jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya sun faɗo. Gondorff ya harbe Hooker, shugaban jami'an ya harbe Gondorff, aka janye Lonnegan waje da sauri don kada sunansa ya shiga maganar kisa. Yana fita, matattu suka miƙe suna dariya.

4.0 Zamani Uku a Fim Guda

Mai nazarin tarihi zai lura cewa fim ɗin ya haɗa zamani uku wuri guda. Na farko shi ne zamanin da labarin ya ambata, watau 1936, lokacin da Amurka ke cikin matsin tattalin arzikin da ya faro daga rushewar kasuwar hannun jari cikin 1929. A 1933 kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi. Bankuna sun durƙushe da ajiyar talakawa, 'yan daba kuma sun yi ƙiba da fasa-ƙwaurin giya tsakanin 1920 da 1933, lokacin da doka ta haramta ta. Fim ɗin ya buɗe da hoton marasa aiki a bakin titi. A irin wannan hali, wanda ya yi wa mai kuɗin haram wayo ba ya rasa masu tausaya masa.

Zamani na biyu ya girmi na farko. Dabarar waya ta riga ta tsufa kafin 1936, har ma 'yan wasan sun faɗi haka da bakinsu a cikin fim, suka ce tsufanta ne zai sa Lonnegan ya kasa gane ta. Haka nan kiɗan da ya ratsa fim ɗin, na Scott Joplin ne, baƙar fata mai kiɗan piyano, kuma fitaccen cikinsu, "The Entertainer", tun 1902 aka wallafa shi. Joplin ya mutu cikin talauci a 1917, mutanen 1936 kuwa sun daɗe da barin irin kiɗansa. Ta fuskar tarihi wannan saɓani ne, amma ta fuskar fasaha da gangan aka yi. Kiɗan mai sauƙi ne, mai raha, yana gaya wa mai kallo tun daga farko cewa wasa ake yi, kada ya ɗauki abin da zafi. Marvin Hamlisch ne ya sake tsara shi, ya kai matsayi na 3 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka cikin 1974. A 1976 aka ba Joplin lambar girma ta Pulitzer, shekara 59 bayan mutuwarsa.

Zamani na uku shi ne na masu kallo. Cikin Janairu 1973 aka sa hannu a yarjejeniyar Faris wadda ta fitar da sojojin Amurka daga yaƙin Biyetnam ba tare da nasara ba. Cikin Oktoba ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur, motoci suka yi layi a gidajen mai. Abin kunyar Watergate kuwa yana ta tonuwa, har ya kai ga murabus ɗin Shugaba Richard Nixon cikin Agusta 1974. Jama'ar da ta gano cewa shugabanninta sun daɗe suna yi mata ƙarya, ita ce aka kawo wa labarin da ƙananan maƙaryata suka kayar da babban azzalumi. A cikin fim ɗin ɗan sandan gaskiya guda da aka nuna sosai, Laftana Snyder, mai cin hanci ne, Lonnegan kuma yana fakewa da rigar mai banki. Amana da riƙon alkawari sai a tsakanin 'yan damfara ake ganinsu.

Akwai kuma wani abin lura. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar fim ta Amurka tana ƙarƙashin wata ƙa'idar tacewa wadda ta hana a nuna mai laifi ya ci bulus. Ke nan da a 1936 ɗin aka yi fim ɗin, tilas a ƙare da su Gondorff a kurkuku ko a kabari. Sai bayan an soke ƙa'idar ne aka sami damar sa tufafin wancan zamani a kan ƙarshen da wancan zamani ba zai yarda da shi ba.

Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. An kashe kimanin dala miliyan 5.5 wajen shirya shi, ya kawo fiye da miliyan 150. A bikin lambobin Oscar na Afrilu 1974 ya shiga takara a fanni 10 ya ci 7, har da na fim mafi kyau, Julia Phillips kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi wannan lamba a matsayin mai shirya fim. Cikin 2005 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ƙasa za ta adana.

5.0 Yadda Aka Harbi Mai Kallo

Dacewa da zamani tana iya bayyana nasarar 1974, amma ba ta isa ta bayyana ɗorewar shekara hamsin ba. Dalilin ɗorewar yana cikin ginin fim ɗin, domin an bi da mai kallo ta matakan da aka bi da Lonnegan ɗaya bayan ɗaya.

Da farko an tanadi masu jawowa. Newman da Redford sun riga sun sace zukatan jama'a a fim ɗin "Butch Cassidy and the Sundance Kid" na 1969, wanda shi ma Hill ne ya ba da umarninsa. Mai kallo ya shigo yana ganin tsofaffin abokai ne. Na biyu, an gina babban shago. Birnin Shikago da muke gani, galibinsa a harabar kamfanin Universal da ke Kalifoniya aka kafa shi. An buɗe fim ɗin da tsohon tambarin kamfanin na shekarun 1930, an rina hotunan da launin ƙasa-ƙasa, an kuma raba labarin babi-babi da zane irin na bangon tsofaffin mujallu. Na uku, kuma mafi muhimmanci, an ba mai kallo asiri. Kowane babi yana ɗauke da sunan matakin damfarar da za a shiga, ana nuna mana yadda ake ɗaukar 'yan wasa, da yadda ake karanto sakamakon sukuwa daga ɗakin baya. Sai mu ɗauka mu ma 'yan ciki ne, muna yi wa Lonnegan dariya.

A nan tarkon yake. An nuna mana jami'an tarayya sun kama Hooker sun tilasta masa cin amanar Gondorff, ba a gaya mana cewa su ma 'yan wasa ne ba. An nuna mana wani mai baƙar safar hannu yana bin Hooker a ɓoye, muka ɗauka makashi ne, ashe Gondorff ne ya sa shi tsaronsa, makashiyar kuwa ita ce matar gidan abincin da Hooker ya saki jiki da ita. Lokacin da aka yi harbin ƙarshe, mai kallon farko yana gaskatawa kamar yadda Lonnegan ya gaskata. Bambancin kawai shi ne shi an fitar da shi kafin matattu su tashi, mu kuwa an bar mu mun gani. Kuma in mutum ya sake kallo, sai ya tarar ba a yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba, shi ne ya cike giɓin da zatonsa. Wannan ne ya sa kallo na biyu yake da nasa daɗin dabam.

Hujjar cewa ginin ne sirrin, ita ce abin da ya biyo baya. Cikin 1983 aka fitar da kashi na biyu da wasu 'yan wasa, bai yi kasuwa ba, domin mutum ba ya faɗawa rami ɗaya sau biyu. Waɗanda suka ɗauki darasin suka sāke masa kama, irin su "Nine Queens" na ƙasar Ajantina na 2000, da "Ocean's Eleven" na 2001, su ne suka ci riba.

Mai nazarin adabin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yaran da ke sauraren tatsuniya sun san Gizo maƙaryaci ne, amma suna murna in ya yi wa Kura ko Zaki wayo, domin mai ƙarfi ne ya sha ƙasa a hannun marar ƙarfi. Haka nan daɗin "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, wanda aka buga cikin 1934, yawancinsa yana cikin ramuwar wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Son ganin dabara ta rinjayi ƙarfi tsohon abu ne a zuciyar ɗan Adam.

6.0 Abin da Fim ɗin Ya Ɓoye

Yabon gwaninta bai hana mu faɗin inda fim ya saɓa wa tarihi. Domin mu sami damar yin murna ba tare da kunya ba, sai da aka mai da wanda aka cuta mai kisan kai, aka kuma sa Hooker ya ƙi karɓar rabonsa a ƙarshe. Waɗanda su Gondorf na gaskiya suka yasa kuwa 'yan kasuwa ne da baƙi masu ziyara, ba fansar kowa ake ɗauka a kansu ba. Har ila yau, an kashe Luther tun farkon labari don mutuwarsa ta zama dalilin tafiyar fararen fata biyu, iyalinsa kuma ba a sake waiwayarsu sosai ba.

Daɗin daɗawa, fim ɗin ya ƙarfafa wata magana da 'yan damfara ke wanke kansu da ita, cewa mai gaskiya ba ya damfaruwa. Lalle kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma tarihi ya nuna ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Bernard Madoff, wanda aka kama a Niyok cikin Disamba 2008 aka yanke masa ɗaurin shekara 150 cikin 2009, babban shago ya kafa, da ofis na gaske da takardun ciniki na ƙarya. Cikin waɗanda ya cuta akwai tsofaffi masu ajiyar fansho da ƙungiyoyin agaji, waɗanda laifinsu kawai shi ne yarda. Haka abin ya kasance ga ɗimbin 'yan Nijeriya da kuɗinsu ya maƙale a shirin MMM cikin Disamba 2016, bayan an bar na farko sun ci ƙaramar riba. Wayar tangaraho ta mutu, amma shafin intanet ya fi ɗakin haya arahar ƙawatawa. Matakan kuwa suna nan yadda Maurer ya bayyana su.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa "The Sting" ya tsamo kayan aikinsa daga tarihin wata sana'a ta gaske, ya sa mata tufafin 1936 da kiɗan 1902, ya miƙa ta ga jama'ar 1973 da ta gaji da ƙaryar manya. Mun kuma ga cewa abin da ya raya shi har yau shi ne yadda ya mai da mai kallo abokin asiri, sa'an nan ya harbe shi, harbin da ba ya raba mutum da komai sai kuɗin tikiti. Shawararmu ga malaman da ke koyar da adabi da wasan kwaikwayo ita ce su nuna wa ɗalibai fim ɗin sau biyu. A kallon farko a bar su su faɗa tarkon. A na biyu a sa su lissafa wuraren da aka karkatar da hankalinsu, su faɗi abin da ya sa suka yarda. Ɗalibin da ya iya nuna daidai inda ya fara jin cewa shi ɗan ciki ne, ya fahimci fim ɗin, ya kuma koyi abin da zai tsare masa aljihunsa ranar da wani mai fara'a ya zo masa da asirin da ba a gaya wa kowa ba sai shi.